Ɗan ƙanwata ya koma kashi a wando, ni aka ɗora wa laifi

Assalamu alaikum Anti. Ina gaishe ki da abokan aikinki. Ni mai sauraron shirinki ce daga wani ƙauye a ƙasar Ringim, don Allah kada ki faɗi sunana. Raina a ɓace yake, in kin ga maganar tana gaba tana baya ki yi haƙuri da ni.

Shekaranjiya surukar ƙanwata ta tsaya a tsakar gida, a gaban mata 'yan barka, ta ce wai ni na lalata mata jika da renon asibiti, kuma in dai zancen yaron ne zai kawo ni to kada in ƙara taka musu gida. Ba ni na haife shi ba, ba ni na yaye shi ba. Laifina kawai ina aiki a ɗakin shan magani, wajen awon ciki da rigakafi, kuma na ce a daina dukansa.

Yaron nan fa ya iya. Wannan shi ne abin da yake ci mini rai. Tun yana wata 6 uwarsa take ɗora shi a ƙafa kamar yadda kowace mace take yi a nan: ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta ɗan ware su, ta zaunar da shi yana kallonta, ta riƙe hannuwansa tana yi masa "sss" har ya yi. Wannan dabara ce mai kyau, tana rage wanki, amma uwar ce take kama lokaci, yaron bai san yana riƙe komai ba tukuna. Riƙewa da gaske sai daga shekara 1 da rabi zuwa sama, wani ma sai ya doshi 3. Ana gane lokacin ya yi in yaro yana iya kai awa 2 wandonsa a bushe, yana tsugunawa ya miƙe da kansa, yana iya jan wando ƙasa, kuma in ya ɓata jikinsa ya nuna ya damu. Da duk waɗannan suka bayyana aka sayo masa fo na roba, mai faɗin gindi wanda ba ya kifewa, gajere yadda tafin ƙafarsa zai taka ƙasa sosai, don yaron da ƙafarsa take lilo ba ya iya yunƙuri. Aka ajiye shi wuri guda a inuwa kusa da buta. Da ya tashi barci a ɗora shi, bayan ya sha koko da kamar minti 20 a sake ɗora shi, saboda cikar ciki ita take motsa hanji. Minti 5 ya isa, in bai yi ba a ɗaga shi ba faɗa. Da rana aka cire masa famfas gaba ɗaya, sai wando mai roba a ƙugu. Har ya kai shi da kansa yake jawo fo ɗin.

Na manta ban gaya miki ba, ƙanwata kwanika ta yi, shi ya sa aka yaye shi babu shiri kafin ya cika shekara 2. Da mahaifiyarmu tana raye wurinta za a kai shi, Allah ya ji ƙanta. Sai aka kai shi wurin Hajiya, uwar mijin. Ni na ce a haɗa masa da fo ɗinsa, aka haɗa, ta karɓa ta jefa bayan ɗaki wai nata 'ya'ya 8 ba wanda ya zauna a roba. To nata a bayan danga suka koya, yanzu kuwa tun da aka ayyana Jigawa a 2022 a matsayin jihar da ta daina bahaya a fili, kowa yana kunyar a ga kashi a bayan gidansa. Sai ta koma jan sa masai. Anti, kin san masan ƙauye: bakin rami mai faɗi, ba murfi, duhu, ga kyankyasai. Babba ma sai ya yi hattara. In ya turje ta ce masa dodo zai fito daga ramin ya kama shi in bai yi sauri ba. Ki duba fa, a lokaci guda an raba shi da nono, an raba shi da uwa, an canja masa ɗaki, sannan an tsorata shi da wurin da ake so ya tsuguna.

Abin da ba ta gane ba, kuma ta ƙi tsayawa ta ji, shi ne yadda riƙe kashi yake zama ciwo. Yaro in ya ji tsoro sai ya matse. Kashin da ya daɗe a hanji jiki yana tsotse ruwansa, ya bushe ya yi tauri, ya fito guntu-guntu kamar na awaki, ko ya fito da kauri ya tsaga bakin dubura, a ga ɗan layin jini. Ya ji zafi, gobe ya ƙara matsewa. Za ki ga ya ɗage a kan yatsun ƙafa, ya harɗe cinyoyi, ya laɓe bayan randa yana zufa, mutane su ce yunƙuri yake yi, alhali hanawa yake. In an jima hanjin ya buɗe, ya daina jin cikarsa, sai kashi mai ruwa ya riƙa zagaye busasshen yana tsiyayowa a wando, yaron bai ma sani ba. Wannan shi Hajiya take kira gudawa da safe, da yamma ta kira shi iskanci. Ta aika kemis aka sayo maganin tsayar da gudawa, wanda ba a ba yaro ƙarami, kuma ƙara toshe shi yake yi. Da ciki ya ɗaure kuma sai ta koma jiƙon filasko da kanwa, har da cusa masa gutsuren sabulu, a wurin da yake da rauni. Abincin kuma fura da nono, tuwo, biskit, ruwa sai ya roƙa.

Yanzu yana da shekara 2 da wata 7. An dawo da shi bayan haihuwar, ita ma Hajiya ta taho zaman jego, ta tare a gidan. Ya dawo ya tarar da jaririya a cinyar uwarsa. Ko yaron da ba a taɓa wahalar da shi ba yakan koma baya in an yi masa ƙani, ya koma fitsari a tsaye, ya nemi goyo, na 'yan makonni ne ya wuce in an kyale shi. Shi kuwa da ya tsula fitsari a sallayar Hajiya sai ta ɗauki tsintsiya. Ban ce najasa a sallaya abin wasa ba ne, amma ruwa ne maganinta, kuma yaro ba shi da alƙalami a kansa. Da safe kuma in ya jiƙa shimfiɗa ta tara yaran maƙwabta su yi masa waƙar amalala, tana cewa za ta ɗaura masa kwaɗo a ƙugu. Fitsarin kwance ba a lissafa shi matsala kafin shekara 5. Hanji in ya cika ma yana danne mafitsara, don haka ita ce take ƙara masa abin da take dukansa a kai.

Abin da na faɗa musu ba wani sabon abu ba ne. Na ce a ɗaga masa ƙafa na makonni 3 ko 4, kada a kai shi masai, kada a tsare shi da tambaya. A fara da tausasa cikin: ruwa a kofinsa bayan kowane abinci, gwanda ko kankana ko lemo kullum, miyar kuɓewa, zogale, wake, a rage biskit da nono. A kai shi babban asibiti likita ya taɓa cikin ya rubuta maganin tausasa bayan gida daidai nauyinsa, kuma a ci gaba da ba shi har watanni, don hanjin da ya buɗe ba ya komawa a mako guda, masu dainawa da sun ga sauƙi su ne suke dawowa. In zafin ya tafi sai a dawo da fo, bayan karin kumallo da bayan abincin dare, minti 5, ko zama kawai ya yi a sa masa albarka. In ya ɓata wando a wanke shi shiru. Da dare ya yi fitsari kafin ya kwanta, a shimfiɗa leda a ƙarƙashin zani. Kashin a juye a masai nan take, a wanke fo, a kuma wanke hannu da sabulu, in babu a sa toka, don kashin yaro ba ya rasa cuta kamar yadda mata suke zato. Ina renon asibiti a nan? Ko da muryata ta ɗan ɗaga, wa zai ga shatar tsintsiya a cinyar yaro ya yi magana ƙasa-ƙasa?

Amma Anti, ita Hajiya ba ta ba ni mamaki ba. Ƙanwata ce. Tana zaune tana ba da nono aka ci mini mutunci, ba ta ɗaga kai ba. Daga baya ta aiko mini wai in yi haƙuri in daina zuwa kwana biyu, aurenta take tsoro. Ni na riƙe ta bayan rasuwar mahaifiyarmu. Mijin yana Legas wajen nema, in na kira shi zai kira uwarsa, kuma kan ƙanwata abin zai ƙare. Na yi tunanin in roƙa a ba ni yaron ya zauna wurina, amma wani canjin gida ne kuma, zai iya ƙara rikita shi. Yayanmu namiji yana nan, sai dai cewa zai yi maganar mata ce.

Ga kuma abin da ya hana ni barci. Yarinyar da aka aiko ta ce tun jiya yana kuka in zai yi fitsari, yana yi kaɗan-kaɗan, kuma jikinsa da ɗumi. Wannan ba na jira ba ne, gwajin fitsari yake buƙata, don riƙe kashi yakan jawo ciwon mafitsara, in an bari ya hau ƙoda. Uwar ba ta yi arba'in ba, ba za a bar ta fita ba, Hajiya kuwa ta ce haƙori ne. In je in ɗauke shi da safe ko da za a ce na yi rashin kunya, ko in bi ta wurin liman ya yi mata magana? In na ɗauke shi aka ce ƙanwata ta tafi gida, a wuyan wa zai zauna?

Taki mai sauraro, daga ƙasar Ringim.