Farin ciki a addinin Yahudu ibada ce mai ƙa'idoji

Ranka ya daɗe Edita,

Na saurari shirinku kan bukukuwan Yahudawa, kuma ina roƙon a ƙara bayani, domin wanda ya ji labarin rawa da waƙa kawai zai ɗauka shagali ne. A wurinsu farin ciki, wanda suke kira simha, umarni ne da ke cikin Attaura, kuma tushensa ƙaunar Ubangiji. Safe da dare Bayahude yana karanta addu'ar Shema, inda aka umarce shi ya ƙaunaci Allah da dukan zuciyarsa da ransa da ƙarfinsa.

A idin Sukkot aka fi ganin wannan. Kwana bakwai ana cin abinci a bukka mai bango aƙalla uku, da rufin rassa ko ganye da aka yanko, kuma dole inuwa ta fi rana yawa a ciki. Idan ruwan sama ya yi ƙarfi har yana ɓata abinci, sai a koma cikin gida. Malamansu ba sa yaba wanda ya nace ya zauna cikin wahala, tunda an ɗauke masa wajibcin. Ba a ɗaura aure a ranakun idi, don kada a cakuɗa murna biyu. Idi ma yana yanke zaman makoki na kwana bakwai. Bayan Sukkot sai idin Simhat Tora, wato murnar Attaura: a kewaya da naɗaɗɗun littattafan Attaura sau bakwai, a sauke karatun shekara, nan take a koma farko.

Inda ake kuskure shi ne abin da na fi so masu sauraro su ji. Musa bin Maimun, malamin Yahudawa da aka haifa a birnin Kurɗuba na ƙasar Sifen ya rasu a Masar a 1204, ya rubuta cewa wanda ya kulle ƙofarsa ranar idi ya ci ya sha da iyalinsa, bai ciyar da talaka da maraya da baƙo ba, murnarsa ta tumbi ce, ba ta ibada ba. Ni a ganina wannan hukunci ya fi rawar nauyi.

'Yan Hasidi, mabiya malamin Yahudawa Baal Shem Tov da ya rasu a 1760 a ƙasar Yukren ta yau, sun ƙara da cewa baƙin ciki mai kashe jiki yana toshe zuciya daga addu'a, ba kamar nadamar tuba ba. Don Allah a ware musu shiri guda, a gayyato masanin da zai warware bambancin.

Na gode.

Mai sauraronku