Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2025

Assalamu alaikum 'yan uwa magina, masu aikin famfo da na lantarki mazauna birnin New York.

Bana yawancin ayyukanmu sun karkata ga tsofaffin benayen ofisoshi na kudancin Manhattan da ake mayarwa gidajen zama. Abin ya samo asali tun 1995, lokacin da gwamnatin jiha ta yi wa masu irin wannan aiki rangwamen haraji, amma annobar korona ce ta ƙara masa gudu, da ma'aikata suka koma aiki daga gida ofisoshi suka zama kango. A Disamba 2024 majalisar birni ta faɗaɗa dokar tsara gine-gine, yanzu ana iya canza gine-ginen da aka yi kafin 1991.

Mun kai mambobi ziyarar gani da ido unguwar Wall Street. Benen One Wall Street, wanda aka gama a 1931 a matsayin banki, yanzu gidajen sayarwa ne 566. Injiniyan da ya ja mana gora ya nuna mana dalilin da ya sa tsohon gini ya fi sauƙin canzawa: ba shi da faɗi sosai, tagoginsa na buɗewa, kuma doka ta ce dole kowane ɗakin kwana ya sami taga. A 25 Water Street kuwa sai da aka huda tsakiyar ginin don haske ya shiga, kafin a fitar da gidaje kusan 1,300. Masu aikin famfo su suka fi cin moriya, domin hawan da a da banɗakunan ma'aikata kaɗai gare shi, yanzu kowane gida na son kicin da banɗakinsa.

Mun shirya ajin neman katin tsaron wurin aiki na sa'o'i 40, wanda ba a shiga babban filin gini sai da shi. Halarta ta yi kyau da farko, daga baya ta ja baya.

Abin da ya dami kwamiti shi ne, gidajen sayarwar nan sun fi ƙarfin aljihunmu, mu da muke gina su. Ƙofar da ta rage ita ce ta haya: wata dokar haraji ta jiha ta 2024 ta ɗora wa mai son rangwame sharaɗin ware kashi 25 cikin 100 na gidajen ga masu ƙaramin ƙarfi, ta hanyar ƙuri'a a Housing Connect, shafin intanet na birni na neman gidaje. Baɗi sakatare zai riƙa zama bayan kowane taro yana taya mutane cike takardar nema.

Waɗanda ake bi kuɗin wata, don Allah a ga ma'aji kafin taron Janairu.

Shugaban kwamitin gudanarwa