Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Magajin Gari: ramin da aka bar mana a ƙofar gida

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa, Allah ya taya riƙo. Ba sai na kwatanta maka layinmu ba, domin da ƙafarka ka zo ranar da aka fara aikin lambatun. Mu muka share wuri, muka shimfiɗa tabarmi, mai unguwa ya yi godiya a madadinmu. Ka ce wata 3 ne, tun kafin ruwan fari an gama an rufe. Sanyi bai kankama ba a lokacin. Yau wata 7 ke nan, ga hadari yana haɗuwa gabas kowane marece, ramin kuma yana nan baki buɗe.

Mako 2 katafila ta yi tana haƙa, daga bakin kwalta har kusa da masallacin unguwa, zurfin ya kai ƙirjin babban mutum. Da suka iso tsakiyar layi sai haƙorinta ya ci karo da dutse. Ma'aikata suka yi cirko-cirko, suka yi ƴan waye-waye, washegari aka ɗora ta a mota, ba mu sake ganinta ba. Ranka ya daɗe, ashe dutse abin mamaki ne a Damagaram? Garin da duwatsu ke zaune tsakanin gidaje a tsohuwar unguwar Birni kamar su ma magidanta ne? Ai dutsen nan ne ya hana ƙasarmu riƙe ruwa, shi ya sa ake jawo mana na sha daga Gogo da Arunguza da Ganaram. Yaron da ke tallar goro ya san haka. Ɗan kwangila ne kaɗai labari bai iske ba, shi da wanda ya sa masa hannu.

Yanzu kowane gida da irin gadarsa. Wani tsohon ƙyaure ya ɗora, wani katako biyu, mu kuwa murfin tsohon firji ne, yana lanƙwasa in mutum ya taka. A watan jiya tsohuwar maƙwabcinmu ta rasu. Makara ba ta bi ta kan katakon ba, don mutum huɗu ba sa jerawa a kai. Sai da samari suka sauka cikin ramin, ƙafafunsu cikin ruwan kwata, aka miƙa musu ita, su kuma suka miƙa wa na wancan gefe. Ɗanta yana tsaye yana kallo, bai ce komai ba. Ni na kasa haɗa ido da shi. Matar da ta yi shekara sama da 80 ba ta taɓa fita gidanta babu mayafi ba, haka aka fitar da ita.

Masu rai ma ba su tsira ba. Ƙarfen rodi da aka kafa a gefe aka bari tsirara ya tsaga ƙaurin ɗana yana dawowa daga lakwal, ɗinki 5. Mai garuwa ba ya iya shigo da kurarsa, sai ya tsaya bakin kwalta ya riƙa ɗauko bido ɗaya ɗaya, ya kuma ƙara dala biyar a kan kowane. Ban ga laifinsa ba, ƙarfinsa yake sayarwa. Ƴan kabu-kabu da sun ji sunan layin sai su ce a sauka a kwana. Ka yi tunanin naƙuda ta tashi da tsakar dare.

Amma abin da ke hana ni barci shi ne katanga. Yawancin gidajenmu na ƙasa ne, an kuma haƙa ramin nan dab da gindinsu, wani wurin ko taku biyu babu. Tunda babu mafita a ƙarshensa, duk ruwan da ya gangaro daga tudu a nan zai kwanta, ya jiƙa tushen gini a hankali har ya zauna. Ba duba na yi ba. Kowa a garin nan ya ga abin da ya faru ranar 3 ga Satumba 2024, lokacin da tsohon masallacin Birni, wanda ya haura shekara 170 a tsaye, ya zube bayan ruwan sama. In ginin da magina na gaske suka yi, ake kuma yi masa yaɓe, ya kasa, ina ga ɗakin talaka da aka yashe wa ƙafa? Da can ruwa yakan bi layi ya wuce, mu sha taɓo kwana biyu. Yanzu an gina masa masauki.

Kada a ce mana ba a iya aiki da sauri ba. Mun ga yadda aka yi lokacin shirin gyaran gari na Zinder Sabuwa, da za a yi bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba 2018: dare da rana ana zuba kwalta har da fitilu, saboda manyan baƙi na tafe. Ko mu nemo wani babban baƙo mu ce zai kwana a layinmu?

Akwai batun bututun famfo da aka fasa aka ɗaure da roba, da ƙurar da ta kori mai shayi, da sauro da ya riga damina zuwa. Na bar su.

Don Allah, ranka ya daɗe. Sau 3 muna zuwa ofis tare da mai unguwa, kullum a ce kana taro, a karɓi takarda. Ba mu ce a gama lambatun cikin mako guda ba. In akwai kuɗi da injin fasa dutse, a dawo a buɗe wa ruwa hanya kafin Agusta. In babu, ga ƙasar da aka tono nan jibge a ƙofar masallaci, a turo katafila ta mayar da ita inda ta fito, a dawo bayan kaka. In ita ma katafilar ba ta samuwa, a ba mu izini a rubuce. Muna da shebur da samari, za mu cike shi da kanmu ranar Asabar.

Naka,
Wani magidanci a layin