Sauyin yanayi: tambayar da ba mu yi wa kansila ba

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai albarka domin in tofa albarkacin bakina a kan muhawarar da ta daɗe tana zagaya majalisun unguwa da teburan masu shayi da shirye-shiryen kiran waya na gidajen rediyo a nan Kaduna, wato batun sauyin yanayi da hayaƙin da ke ɗumama duniya. Da wuya ka sami mai musun cewa al'amura sun canja, domin manomin Giwa da na Kachia duk sun shaida cewa ruwan shuka ya daina zuwa lokacin da aka saba, mutanen Kigo Road da Rafin Guza da masu gidaje a bakin kogi a Tudun Wada kuwa sun san yadda hankali ke tashi saboda ambaliya da zarar watan Agusta ya kama. Inda ake rabuwa shi ne dalilin abin, da kuma wanda ya kamata a tuhuma.

Wasu dattawanmu suna cewa ruwa da rana ikon Allah ne, don haka ɗan Adam ba shi da ta cewa. Farkon maganar gaskiya ce da babu mai imanin da zai ja da ita, amma ƙarshenta bai biyo ba, domin a Suratur Rum, aya ta 41, an faɗa mana cewa ɓarna ta bayyana a ƙasa da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Abin da masana ke bayani ba ya da wuyar fahimta: ƙona man fetur da gas da gawayin ƙasa, da sare dazuzzuka, suna tara iskar kabon a sararin sama, ita kuma tana riƙe zafin da ya kamata ya fice daga duniya. Kafin zamanin masana'antu yawanta kashi 280 ne cikin miliyan, yau ya haura 420, kuma shekarar 2024 ce mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi.

Maganar da ta fi ƙarfi a bakin matasa ita ce cewa wannan duk dabarar Turawa ce, sun ƙona abin da suka ƙona sun gina ƙasashensu, yanzu kuma suna so su hana mu taɓa man da Allah ya ba mu. Ba na ganin ya dace a yi wa masu wannan ra'ayi kallon jahilai, domin akwai hujja a hannunsu. Nahiyar Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi, amma tana cikin waɗanda suka fi shan wahalarsa, kamar yadda muka gani a ambaliyar 2022 da ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, da ta Maiduguri a Satumban 2024. Ƙasashe masu arziki sun yi alkawari a 2009 cewa kafin 2020 za su riƙa ba ƙasashe masu tasowa dala biliyan 100 duk shekara domin tunkarar sauyin yanayi, wa'adin ya zo bai cika ba, kuma sai a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Masar a 2022 aka amince da kafa asusun biyan asarar da ƙasashe matalauta ke tafkawa. Duk wannan haka yake. Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma abin da ke damuna shi ne yadda wannan hujja ta zama mafaka ga shugabanninmu na kusa, domin muddin muna zagin Amurka da Sin a teburin mai shayi, babu mai juyowa ya tambayi ciyaman abin da ya yi da magudanar ruwan unguwarsa.

A nan nake so masu karatu su tsaya, musamman a kan batun gawayi, domin a nan ne maganar duniya ta haɗu da murhun gidajenmu. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, farashin gas ɗin girki ya fi ƙarfin magidanta da dama, kalanzir kuwa an daɗe da yin ban kwana da shi. Gidajen da suka fara sabawa da tukunyar gas sun jingine ta a lungu sun koma ga gawayi da itace. Duk mai bin hanyar Birnin Gwari ko ta Kachia ko ta Abuja ya ga buhuna a jibge a bakin titi da motocin da ke lodinsu, kuma ba ƙananan itatuwa ake ƙonawa ba. Masu sana'ar sun fi son ƙirya da marke saboda ƙarfin gawayinsu, har ta kai ana taɓa kaɗanya da ɗorawa, waɗanda iyayenmu ba sa yarda a sare su a gona saboda man kaɗe da daddawa. Itacen da ya yi shekaru masu yawa kafin ya girma ana mayar da shi buhu kaɗan cikin 'yan kwanaki, ƙasar da ya riƙe kuma sai ruwa ya kwashe ta ya cika rafuka da yashi, rafin da ya cike kuwa gidajen mutane yake nufa.

Idan an tashi maganin wannan matsala, abin da hukumomi suka fi saurin yi shi ne sanar da haramci da kama direbobi. Ina ganin wannan bai isa ba, kuma akwai rashin adalci a cikinsa. Matar da ke dafa wa 'ya'yanta tuwo da gawayi ba ta zaɓi hayaƙin da ke cin idanunta da ƙirjinta ba, saurayin da ke ƙona itace a daji kuma sau da yawa rashin tsaro ne ya raba shi da gonarsa. Ƙasar da har yau ake ƙona gas a banza a rijiyoyin man Neja Delta ba ta da bakin da za ta ɗora wa waɗannan bayin Allah laifi kafin ta samar musu da abin da za su girka abinci da shi a farashin da za su iya. Murhu mai tsimin itace, da sauƙaƙa sayen tukunyar gas ta hanyar biya kaɗan-kaɗan, da gandun itatuwa masu saurin girma da al'umma za ta mallaka ta riƙa sara bisa tsari, duk ba su fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba.

Za a ce babu kuɗi, amma kafin mu yarda sai a yi mana lissafi. Najeriya ta yi alkawari a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Glasgow a 2021 cewa za ta kai ga daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake zuƙewa daga sararin sama nan da 2060, kuma a watan Nuwamba na shekarar aka sa hannu a dokar sauyin yanayi ta ƙasa. Akwai shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace da jure sauyin yanayi, wato ACReSAL, na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya domin jihohin Arewa 19 da Abuja, wanda Kaduna ke ciki, kuma bashi ne da za mu biya. Akwai asusun kula da muhalli da ake ware wa kaso daga asusun tarayya. Sannan a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Jiharmu tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255, kuma kowace mazaɓa tana da kansilan da ya san kwalbatin da ya toshe da jujin da ake ƙonawa kusa da makaranta da filin da aka yanka a kan hanyar ruwa aka sayar. Duk da haka, idan lokacin kamfen ya zo, abin da muke nema daga ɗan takara bai wuce taliya da atamfa da kuɗin mota ba, shi ma ya san haka, shi ya sa ba ya wahalar da kansa da shirya amsa.

Zaɓen 2027 yana ƙaratowa, kuma ina kira ga ƙungiyoyin matasa da na mata da na manoma, tare da limamai da fastoci da masu unguwanni, su gayyaci duk mai neman kujera, daga kansila har ɗan majalisar jiha, ya zauna a gaban jama'a ya faɗi yadda zai yi da tsadar makamashin girki, da wanda zai shayar da itatuwan da ake dasawa a gaban kyamara a bar su su bushe kafin bazara, da yadda hasashen damina na hukumar kula da yanayi ta ƙasa, wato NiMet, zai isa kunnen manomi da Hausa da sauran harsunan jihar kafin ya zuba irinsa a ƙasa.

Kai ma, Edita, ina roƙon ka ware shafi ko da sau ɗaya a wata, ka aika wakilanka ƙananan hukumomi su binciko nawa aka karɓa da sunan muhalli da inda aka kashe shi, ka kuma buga amsoshin 'yan takara da sunayensu domin mu adana su har ranar da za su dawo neman ƙuri'a.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Tudun Wada, Kaduna