Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya Kan Makantar Da Ake Iya Tarewa

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu ma'aikatan lafiyar ido ne, likitoci da masu gwajin gani da ma'aikatan jinya. Mun zaɓi mu rubuto maka a bainar jama'a domin maganar ta shafi kasafin da ke hannunka, ta kuma shafi duk mai ido.

Ranka ya daɗe, duk sanda aka tashi taimaka wa masu ciwon ido, abin da ke fara zuwa rai shi ne gangamin cire yana kyauta. A tara jama'a kwana uku ko biyar, a yi wa ɗaruruwa aiki, a ɗauki hotuna, a sanar da adadi, kowa ya kama gabansa. Ba mu raina wannan ba, don yanar ido ce kan gaba wajen makantar da mutane a duniya, kuma aiki ne kaɗai maganinta. Kukanmu shi ne, adadin da ake kawo maka na idanun da aka yi wa aiki ne, babu mai gaya maka nawa daga cikinsu ke gani bayan wata biyu. Akwai kuma cututtukan da gangami ba ya kama su sam, kuma su ne waɗanda in suka tafi da gani ba ya dawowa.

Bari mu fara da yanar kanta. A bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi garai-garai da ke tattara haske. Tsufa, ciwon suga, bugu a ido ko daɗewa ana amfani da maganin sitiroyid kan sa ya yi hazo, shi ne yana. Babu maganin ɗigawa ko na sha da ke wanke shi. Aikin shi ne a kashe zafin ido, a yi 'yar tsaga, a fitar da madubin da ya lalace a bar jakarsa, a zura na roba a ciki. A hannun gwani minti 15 zuwa 30 ya isa. Sakacin da ake yi kafin aikin yake, da kuma bayansa.

Madubin roba ƙarfinsa hawa-hawa ne, kuma ba a sanin wanda ya dace da ido sai an auna abu biyu: lanƙwasar gilashin gaban ido, da tsawon ƙwayar idon daga gaba zuwa baya, wanda a yawancin manya yake wajen milimita 23 zuwa 24. Kuskuren milimita 1 a wannan awo na jawo kuskuren kusan diyofta (ma'aunin ƙarfin tabarau) 2.5 zuwa 3 a gani, wato mutum ya tashi daga aiki yana neman tabarau mai kauri. Inda babu na'urar awo, sai a sayo madubi mai ƙarfi ɗaya a sa wa kowa, kamar a raba wa mutum ɗari takalmi lamba ɗaya. Bayan aiki kuma dole a duba idon washegari, a sake bayan mako 1 zuwa 2, sannan bayan mako 4 zuwa 6 a gwada gani a rubuta tabarau in ana buƙata. Idan ƙwayar cuta ta shiga cikin ido, takan nuna kanta a kwanakin farko: zafi na ƙaruwa, ido na ja, gani na raguwa maimakon ya ƙaru. Wannan sa'o'i ake ƙirga masa, kuma maganinsa allura ce da ake yi cikin idon kai tsaye. Tawagar da ta riga ta naɗe kayanta ta tafi ba za ta yi ta ba. Shi ya sa ɗiga aidin irin na povidone mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari a ido kafin a taɓa shi bai kamata ya zama ganin damar likita ba.

Wani abin kuma, bayan watanni ko shekaru jakar da aka bari takan yi hazo. Harbin leza na 'yan mintuna ke buɗe ta, ba sai an sake yanka ba. In babu na'urar kusa, mai ido sai ya ce yana ta dawo, aikin asibiti banza ne, 'yan'uwansa su ji. Ta haka masu ture yana da allura zuwa cikin ido ke samun kasuwa, su bar ido ba madubi, ga kumburi, sau da yawa ga makanta mai raɗaɗi. Gyaran gangar auzinawa ke nan.

Babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya amince ƙasashe su ƙara yawan masu samun aikin yana mai inganci da maki 30 cikin ɗari kafin 2030, na masu samun tabarau da ya dace kuma da maki 40. Mai inganci a nan yana nufin bayan aiki mutum ya kai ganin 6/12, wato ya karanta daga mita 6 layin da mai lafiyar ido ke karantawa daga mita 12. Da wannan ma'auni ya kamata a riƙa kawo maka rahoto.

Yanzu ga abin da ya fi hana mu barci, gilakoma. Mutane na ce mata hawan jinin ido, sunan kuma yana ɓad da su, don mai lafiyayyen jini zai ɗauka ya tsira. Ba hawan jini ba ce. A sashen gaba na cikin ido akwai wani ruwa da ake samarwa kullum, yana kuma tsiyayewa ta wata 'yar matata a kusurwar baƙin ido. Idan matatar ta fara toshewa, ruwan ya taru, matsin cikin ido ya hau, sai jijiyar gani ta riƙa mutuwa zare bayan zare. A yawancin mutane matsin ido yana tsakanin 10 da 21 a ma'aunin mmHg, amma akwai masu cutar da matsinsu bai wuce haka ba, don haka awon matsi shi kaɗai bai wadatar ba. Sai an leƙa kan jijiyar an ga girman ramin da ke tsakiyarta, an kuma gwada faɗin gani. Nau'in da ya fi yawa ba ya zafi, ba ya sa ido ja. Ganin gefe yake fara ci, ɗayan idon na rufa wa ɗan'uwansa asiri, mutum na karatunsa lafiya lau har sai ya fara tuntuɓe da abin da ke gefensa. A lokacin mafi yawan jijiyar ta tafi, kuma babu magani ko aiki da ke raya ta. Cutar takan zo wa baƙar fata da wuri, ta kuma fi tsanani a kansu, tana kuma bin jini: iyaye, 'ya'ya da 'yan'uwan mai ita sun fi kowa hatsari.

Maganinta rage matsi ne har ƙarshen rayuwa, kuma nan ne ma'aikatarka ke da hannu dumu-dumu. Timolol mai ƙarfin kashi 0.5 ana ɗiga shi sau biyu a rana, amma ba a ba mai asma ko mai jinkirin bugun zuciya, don yana iya toshe numfashi. Latanoprost sau ɗaya ne da dare, sai dai kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin firiji, digiri 2 zuwa 8, kuma in ta sha zafi a ɗakin ajiya ko a mota, ƙarfinta na raguwa ba tare da kowa ya sani ba. Yadda ake ɗigawa ma darasi ne da ba a cika koyarwa ba: ɗigo ɗaya tak, a rufe ido, a danne lungun ido na wajen hanci minti 1 zuwa 2 don kada maganin ya gangara maƙogwaro, a kuma bar minti 5 tsakanin magani biyu. Mai zuba ɗigo uku yana ƙarar da kwalbar wata cikin kwana goma ne kawai. Babbar matsalar dai ita ce maganin ba ya ƙara gani, don haka mai shi yakan ga bai ga canji ba ya daina. A ganinmu, ga wanda ba zai iya samun magani kowane wata ba, ko yake nesa da asibiti, gara a yi masa leza ko aikin buɗe wa ruwan sabuwar hanya tun da sauran gani, maimakon a miƙa masa takardar maganin da an san ba zai ɗore a kai ba. Akwai kuma nau'in da ke zuwa farat ɗaya, da zafin ido, ciwon kai, amai da ganin bakan gizo kewaye da fitila. Ana yawan ɗaukar sa zazzaɓi ko ciwon kai, alhali kwana ɗaya ko biyu sun isa ya kashe ido.

Mai girma Minista, akwai gilakomar da hannu ke jawowa. Magungunan ɗigawa masu sitiroyid, irin su dexamethasone da betamethasone, galibi haɗe da maganin ƙwayoyin cuta a kwalba ɗaya, ana sayar da su ga duk wanda ya ce idonsa na ƙaiƙayi ko ya yi ja. Suna kawar da ja cikin kwana biyu, shi ya sa ake son su. Amma kusan mutum ɗaya cikin uku matsin idonsa na hawa in ya yi mako 4 zuwa 6 yana ɗigawa, yara kuma sun fi saurin kamuwa. Yaron da ke fama da ƙaiƙayin ido na shekara da shekaru, iyayensa na sake sayen kwalba bayan kwalba, zai iya ƙarewa da gilakoma da yana tun bai balaga ba. In kuwa jan idon daga gyambo ne a gilashin gaban ido, kamar wanda kara ko ganye ya tsokana naman gwari ya shiga, sitiroyid rura shi yake yi har ya huda ido ko ya bar hakiya. Irin wannan gyambo natamycin mai ƙarfin kashi 5 yake so, kuma da wuya a same shi a kantin magani. Muna roƙon a hana sayar da duk ɗigon ido mai sitiroyid sai da takardar likita, a rubuta gargaɗi a jikin kwalin da harshen da mai saye zai fahimta, masu sa ido kuma su riƙa bibiya.

Duk wannan ya dawo kan ƙaramin asibiti, inda mai ciwon ido ke fara zuwa ya tarar babu wanda ya san abin da zai duba. Kayan da ake buƙata ba su da yawa: allon gwajin gani mai harafin E, wanda ko marar karatu zai nuna da yatsa inda ƙafafunsa suka fuskanta, igiyar awon mita 6, tocila, faifai mai 'yar huda, da takardar rini ta fluorescein. A gwada kowane ido shi kaɗai, ɗayan a rufe. Idan gani bai kai 6/12 ba amma ya gyaru ta cikin hudar, yawanci tabarau ake buƙata. In bai gyaru ba, a tura gaba. Rinin kuma in aka taɓa shi a ido, gyambo sai ya fito kore shar. Ma'aikacin da ya san cewa jan ido mai haɗe da zafi, ƙin haske ko raguwar gani ba afolo ba ne, ya san kuma idon da siminti, farar ƙasa ko ruwan batir ya shiga ana kwarara masa ruwa mai tsafta minti 20 zuwa 30 nan take kafin a yi maganar mota, ya ceci idanu da yawa. A nan ne kuma ya dace a ajiye tabarau na karatu daga +1.00 zuwa +3.00, don daga shekara 40 ganin kusa na raguwa ga kowa, kuma tela ko mai karatu da ya daina ganin zare ko rubutu ba ya buƙatar komai sai wannan.

Na yara gajere ne amma ba ya jira. Man tetracycline mai ƙarfin kashi 1 a idon jariri da zarar an haife shi yana tare cutar da ke sa ido kumbura da mugunya, wadda in ta ciwon sanyi ce takan huda ido cikin kwana ɗaya ko biyu. Farin abu a tsakiyar idon jariri na iya zama yana ko kansar ido, duka biyun na gaggawa ne. Bakwainin da aka ba iskar oksijin a duba bayan idonsa wajen mako 4 da haihuwa. Bitamin A, awo 100,000 ga ɗan wata 6 zuwa 11 da 200,000 ga ɗan shekara 1 zuwa 5 duk wata 4 zuwa 6, shi ke tare dundumi da narkewar gilashin ido, musamman bayan ƙyanda. Harara-garke kuma ba a jiran yaro ya girma ya daina, don idon da ƙwaƙwalwa ta yi watsi da shi yana da wuyar farfaɗowa bayan shekara 7 ko 8.

Masu ciwon suga kuwa, cutar na lalata ƙananan hanyoyin jinin bayan ido tun gani na daidai. A faɗaɗa ido da ɗigo a duba ciki ranar da aka gano ciwon ga babba, sannan duk shekara. Kyamarar ɗaukar hoton bayan ido a ɗakin da ake duba masu suga ta fi takardar turawa da rabin mutane ba za su bi ba.

Abin da ya rage shi ne takardar rahoto. Muna roƙon kada a ba kowace tawaga izinin gangamin aikin ido sai ta nuna na'urar awon madubi, ta faɗi asibitin da zai duba mutanen washegari da bayan mako 6, ta kuma yarda ta auna matsin idon duk ɗan shekara 40 zuwa sama da ya zo, ko da bai da yana. A cikin fom ɗin da ake cikewa a ƙara gurbi uku: ganin idon kafin aiki, ganinsa bayan mako 6, da adadin masu gilakomar da aka gano aka kuma gayyaci 'yan'uwansu gwaji. A shirye muke mu zauna da jami'anka mu tsara fom ɗin da kuma darasin horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wasu ma'aikatan lafiyar ido