Ƙibar ta tafi amma damuwar ta dawo

Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Dan Allah ki sakaya sunana.

Ni matar aure ce a Kano, yarana huɗu. A 2022 aka min aikin rage tumbi a Alƙahira, irin wanda ake yanke kusan kashi 80 na tumbin a bar ɗan siriri kamar ayaba. Lokacin kilo 131 nake, ga suga ga hawan jini, sallah ma sai a kan kujera. Kuma dama tun kafin aikin ina shan maganin ciwon damuwa.

Shekarar farko wlh kamar an sauke min dutse daga ƙirji, ina sujjada goshina a ƙasa, ina zuwa biki ba fargabar kujerar roba ta karye da ni. Na ɗauka damuwar ta bi ƙibar sun tafi tare.

To Anti tun bara abin ya dawo, har ya fi na da. Da can in raina ya ɓaci kicin nake shiga cikin dare in ɗumama tuwo in ci har zuciyata ta lafa, yanzu loma huɗu ƙirjina ya toshe, sai in tsaya gaban firij ƙarfe biyun dare ina hawaye ban san inda zan kai abin da ke cina ba. Ga fatar damtse da ta ciki duk sun saki, ko a gaban maigidan kunya nake ji. Kowa ya ganni sai ya ce Hajiya kin koma yarinya, me kuma ya rage miki.

Ban ɓoye miki ba, na daina shan bitamin da allurar bitamin B12 wata takwas kenan saboda tsada, yanzu ƙafafuna suna min kamar tafiyar kiyashi, ga kasala. Maganin damuwar ban fasa ba amma kamar ruwa nake sha, to ko tumbin ne ba ya karɓarsa yadda ya saba?

Maigidana fili ya sayar aka min aikin nan, da wane baki zan ce masa har yanzu ba na jin daɗin rayuwa? In na ce zan ga likitan ƙwaƙwalwa kuma dangi su ce asibitin masu taɓin hankali na Dawanau aka kai ni. Dan Allah ta ina zan fara, gwajin jini ko likitan, kuma ya zan ɓullo wa maigidan?

Taki,
Mai sauraronki daga Kano