A Sa Baduku Cikin Tawagar Minista

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in isar da saƙo ga Ministar Al'adu, Hajiya Hannatu Musawa.

Ni baduku ne, a gidanmu na gaji sana'ar. Shekarata 22 da barin Kano. Ina kwana a Agege, rumfata kuma tana kasuwar kayan gargajiya ta Lekki. Duk sa'ad da aka ce a rediyo minista ta tafi wata ƙasa tallata al'adun Najeriya, sai musu ya kaure a layinmu. Wasu su ce yawon buɗe ido ne da kuɗin talakawa. Ni ban yarda da su ba, domin na ga abin da zaman teburi da mutanen waje yake haifarwa. Kayan tagullar masarautar Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, Jamus ta dawo da wasu a Disamban 2022, Holan kuma ta dawo da guda 119, aka yi bikin karɓarsu a nan Legas, a gidan tarihi na Onikan, cikin Yunin 2025. A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, kamar yadda ta sa bikin kamun kifi na Argungu a 2016. Ran da na ji labarin hawan sallar, goro na saya na raba wa maƙwabtana, Yarabawa da Inyamurai duka.

To amma Hajiya, dokin da duniya take kallo ranar Hawan Daushe, wa ya ɗinka masa kwalliyar sirdi? Wa ya yi kuben takobin mahayin da takalminsa? Hannun baduku ne, kafin shi kuma hannun majemi. Fata takan sha jiƙo da kankara kafin gashi ya fita, ta kwana cikin ruwan bagaruwa, a shafa mata mai, a yi ta murza har ta yi laushi. Sannan a rina ja da karan dafi, baƙi da kuloko. Daga nan take zuwa gabana, in zauna da aska da basilla. Timtim ɗaya mai kyakkyawan zane yakan ci mini kwana huɗu, ido na ruwa, yatsa na tsagewa. Fatar jar akuyar Sakkwato da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko tamu ce, ayarin raƙuma ne suke ƙetare Sahara da ita, sunan ya koma ga waɗanda suka sayar ta ƙarshe.

Har yau abin bai sake zani ba. Wani dillali ya taɓa ba ni aikin jakunkuna 50, da sharaɗin kada in sa wata alama tawa a jiki. Na yi, ya biya, ban ce ya cuce ni a kuɗi ba. Bayan wata shida ɗana ya miƙo mini waya, sai ga jakata a intanet, ɗinkina ne, har da ɗan ƙullin da nake yi a gindin hannu, an manna mata sunan wani kamfani na waje, kuɗinta kuwa sai da na nemi a sake lissafa mini shi da naira. Ranar ban iya cin tuwon dare ba. Fatunmu masu kyau suna tafiya Italiya da Sifen su dawo mana takalma, na shanu kuma ina gani da idona a mayankar Oko-Oba ana babbake su a yi ganda.

Shi ya sa nake roƙo, idan za a sake tafiya, a rage kujera biyu ko uku daga na masu rakiya a ba wa masu hannu: baduku ɗaya, marini ɗaya daga Ƙofar Mata, masaƙi ko maƙeri. A shimfiɗa musu tabarma a wurin baje kolin su yi aiki mutane na kallo. Na san tasirin haka daga rumfata. Baturiyar da ta tsaya ta ga ina soka basilla ba ta neman ragi, har tambaya take ko ina da wani. A rubuta sunan mai aikin da garinsa a jikin kowane kaya. In an dawo kuma a gaya mana, da Hausa a rediyo, wane kanti ne a can ya yarda zai saya, kuma ta wace hanya ɗan ƙaramin mai sana'a irina zai aika kaya ba sai ta hannun dillali ba.

Yaran da na koya wa ɗinki su bakwai ne. Biyu suka rage a rumfa, sauran sun koma tuƙin Keke Napep da sayar da katin waya, kuma ban ga laifinsu ba. Hajiya tana yawan zuwa Legas wajen taruka. In ta samu sarari ta biyo ta kasuwarmu, ko na rabin sa'a ne, ta ga yaran nan biyu suna aiki.

Wassalam.

Naku,
Wani baduku, Agege, Legas